Yadda ake canza kebul ɗin sitiyarin jirgin ruwa mai inji a baya

Jama'a wannan bayanin na masu jirgin faiba ne mai sitiyari, irin wanda direba ke zama a gaba ko a tsakiya inji kuma yana can baya a maƙale da allon jirgi, ba kwale-kwalen katako da ake riƙe hannun inji ana tuƙi ba. Irinsu suna nan a Kainji da Yawuri da Lokoja da Makurɗi, ga kuma na Legas da ke cikin ruwan gishiri, su nasu kebul ɗin ma ya fi saurin mutuwa. Duk wanda ya taɓa tuƙi a tafkin Kainji ya san akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa tun da aka gama dam ɗin a 1968, wani lokaci sai ka zo dab da abu sannan zaka hango shi, a wannan lokacin in sitiyari ya cije ko ya yi ta juyawa inji bai motsa ba toh babu birkin da zaka taka, kuma ga mutane a bayanka. Shi yasa in sitiyari ya fara tauri bana son jin ana cewa ai a haka ma yana tafiya.

Kafin ka kashe kuɗi ka tabbatar kebul ɗin ne

Da yawa ana sayen sabon kebul alhali ba shi ne ya lalace ba. Ka je bayan jirgi ka duba gaban inji, zaka ga wani bututun ƙarfe a kwance daga dama zuwa hagu (duk inda na ce dama ko hagu, na wanda ke kallon gaban jirgi nake nufi), wanda inji ke lilo a kansa in an ɗaga shi sama. Ta cikin wannan bututun sandar kebul take wucewa, ta shiga ta dama ta leƙo ta hagu, daga bakinta kuma akwai ɗan lanƙwasasshen ƙarfe kamar ƙaramin tayarod da ya haɗa ta da hannun inji. Ka kwance wannan tayarod ɗin daga bakin sanda, sai ka kama inji da hannu biyu ka tura shi dama ka tura shi hagu. In ya yi nauyi ko yana ƙara to matsalar a wuyan injin take, giris yake so ta kan nonon giris ɗin da ke jikinsa, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa, kebul bai yi laifi ba. In kuwa inji na tafiya salin-alin amma sitiyari na nan da taurinsa, sai ka kwance babban notin da ya ɗaure kebul da bututu ta hannun dama, ka zaro sandar waje ka sake juya sitiyari. Ya saki? To bututun ne ya cushe da tsatsa da tsohon giris, wanki kawai yake so. Bai saki ba, ko yana tafiya yana cijewa yana gurzawa, ko ka ga baƙar robar da ta rufe kebul ta tsage ko ta kumbura tsatsa na leƙowa, wannan kam ya gama aiki, ba a gyara shi, ba a ɗura masa mai ya dawo, canzawa ake yi. In kuma sitiyari na juyawa fayau babu abin da ke motsi, ko hanjin kebul ɗin, wato wayar da ke cikinsa, ya tsinke ko haƙoran giyar da ke bayan dashbod sun cinye, sai an buɗe a gani.

Wane iri ne naka, kuma nawa ne tsawonsa

Ka kwanta ka leƙa bayan dashbod da tocila. In ka ga akwati mai zagaye kebul ya shiga ta gefe ɗaya, wani ɗan bututun roba kuma ya fito ta ɗaya gefen, wannan shi ne rotari, shi ya fi yawa. In kuma doguwar sandar ƙarfe ce mai kusurwa a kwance a bayan sitiyari, wannan rak ne, shi kebul ɗinsa haɗe yake zuwa da wannan doguwar sandar. Ba sa shiga wa juna, kuma ko a cikin rotarin ma bakin kowane kamfani da yadda yake kamawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce lambar da aka buga a jikin baƙar robar, galibi tana kusa da wajen sitiyari, ka goge da tsumma ka haska. In na kamfanin Teleflex ne, wanda daga baya ya koma SeaStar, zaka ga abu kamar SSC6214, wato irinsa SSC62 ne, lambobi biyun ƙarshe kuma tsawonsa ne, ƙafa 14. Na rak ɗinsu SSC134 ne ya fi yawa. In na Ultraflex ne na Italiya zaka ga M66, ko M58 a ƙananan jirage masu ƙaramin inji. Ka ɗauki hoton lambar da wayarka ka ɗauki hoton akwatin sitiyarin, da su zaka je wajen mai kaya ko ka tura masa.

In lambar ta goge sai awo. Ka auna baƙar robar kaɗai, daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare, banda ƙarafan baki. In rotari ne ka ƙara inci 18, in rak ne ka ƙara inci 30, sai ka cika zuwa ƙafa ta gaba. Misali roba ta ba ka inci 148, ka ƙara 18 ya zama 166, in ka raba da 12 ya kusa 14 bai kai ba, toh ƙafa 14 zaka saya. In kuma babu tsohon kebul ɗin gaba ɗaya, ko kana zargin wanda aka sa a da ba daidai bane, ka auna hanyar da zai bi gida uku, daga tsakiyar sitiyari zuwa gefen jirgi, daga nan ka bi gefen zuwa allon baya, daga nan zuwa tsakiyar inji, ka haɗa su ka ƙara inci 6 tunda ta bututun inji zai shiga, ka cika zuwa ƙafa ta gaba. Dan Allah kar ka ce bari in ƙara ƙafa uku don kar ya gaza, wanda ya yi tsawo da yawa dole sai ka naɗe shi, kuma duk lanƙwasa ɗaya tauri take ƙarawa da lasko a sitiyari, wato ka ɗan juya shi inji bai motsa ba. Gajere kuma zaka ja shi da ƙarfi ya karye kwana, shi ma bai daɗewa.

Ni a ganina in akwatin sitiyarin ya tsufa tare da kebul ɗin, musamman in an daɗe ana murɗa shi da ƙarfi lokacin da yake tauri, gara ka sayi saiti ɗaya gaba ɗaya, akwati da kebul da murfin dashbod, don wannan kokawar da aka sha yi haƙoran giyar ne suka ɗauke ta.

Kayan aiki ba su da yawa, sifanu da soket, babbar sifana mai daidaitawa saboda notin bututu, filaya, sukudireba, zarton ƙarfe, guduma da guntun katako mai tauri, igiya siririya mai ƙarfi da ta fi kebul ɗin tsawo, salatif, burushin waya zagayayye da zai shiga bututu, samfefa mai laushi, kalanzir, WD-40 ko makamancinsa, tsummoki da yawa, da giris na ruwa wanda ake sa wa injin jirgi. Ka nemi yaro ɗaya ko biyu su taya ka, aikin ba na mutum ɗaya bane. In da hali a fito da jirgin tudu, in babu hali a jawo shi bakin gaɓa a ɗaure sosai a shimfiɗa buhu ƙarƙashin inda kake kwance notuna, don duk notin da ya faɗa ruwan Neja ya tafi kenan.

Cire tsohon

Fara da cire kan batir, ka zare makulli, tankin fetur kuma a ɗauke shi daga bayan jirgi a kai nesa, ballantana in kana tunanin zaka yi yanka. Ka ɗauki hotuna kafin ka taɓa komai, yadda tayarod ya zauna, wasoshi, wato zobban ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, nawa ne kuma a ina suke, ta wace ƙofa kebul ya shiga akwatin sitiyari, ta sama ko ta ƙasa. Wannan hoton na ƙarshe zai yi maka rana an jima.

Juya sitiyari har sandar ta fito ta hagu iyakar fitowarta, ka kwance tayarod, ka zuba notinsa da wasoshinsa a gwangwani. Ka wanke abin da ya fito na sandar da kalanzir, in da tsatsa ka bi ta da samfefa ka fesa mai, domin duk wannan dattin ta cikin bututu zai bi in ka zo zarewa. Sai ka koma dama ka kwance babban noti, ka kama kebul ka ja shi waje a miƙe.

In Allah ya taimake ka zai zaro. Amma sau da yawa anan ake kwana, sanda ta manne da bututu ta ƙi gaba ta ƙi baya. Abin da mutane ke yi shi ne su ɗauko guduma su hau dukan bakin sandar kai tsaye, bakin ya baje ya yi faɗi, daga nan kuma ba zai ƙara shiga bututun ba ko da tsatsar ta saki, an ƙara wa kai aiki. Ka fesa mai ta baki biyun ka bar shi ya jiƙa, ko zuwa washegari ne, ka zura sukudireba a ramin bakin sandar ka riƙa murɗa ta kaɗan-kaɗan tana motsi, sannan ka ɗora katako a bakin ka buga a hankali, in ta shige cikin bututu ka bi ta da ƙarfen da ya fi ta siranta. Yaronka yana ta dama yana ja. Kar ka sa wuta, akwai robobi da tiyon fetur da wayoyi a wajen. In bakin ya riga ya baje daga dukan wani, ka goge shi da zarto ya koma daidai ko ka yanke shi, tunda dama kebul ɗin na zubarwa ne.

Wata matsalar kuma wuri. Ƙarshen kebul ɗin na wajen inji ƙarfe ne miƙaƙƙe da ba ya lanƙwasuwa, tsawonsa ya kusa ƙafa biyu, a jirage da yawa kafin ya gama fita daga bututu ya riga ya tokari bangon kwarmin da ke gaban inji. Ka duba ko ramin da kebul ya fito ta cikinsa yana saiti da bututun, in yana saiti sai ka tura shi ya koma ta nan. In baya saiti, tsohon dai zaka iya yanke shi ka huta, amma sabon fa dole ya shiga a miƙe, kuma in ka tanƙwara sandar sabo ko kaɗan ka kashe shi tun bai fara aiki ba. Anan babu dabara sai a sassauta inji, a rataye shi da cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi, a reshe mai ƙarfi ko ƙarfen ɗaga kaya, a kwance kusoshin da suka ratsa allon baya, a matsar da shi hagu ko a ɗaga shi kaɗan har hanya ta samu. Yamaha mai doki 75 ko 85 ya haura kilo 100, kar wani ya ce zai rungume shi. In an zo mayarwa a cika ramukan kusoshin da gam mai hana ruwa irin Sikaflex, saboda cikin allon bayan yawancin jiragen faiba katako ne, in ruwa ya samu hanya ruɓewa zai yi daga ciki baka sani ba.

Yanzu ka dawo wajen sitiyari. A rotari ba lallai ka cire akwatin ba in ba canza shi zaka yi ba. Wani fin ne ke riƙe da bakin kebul, wani kuma ƙusa ce da noti, ka cire, sai ka juya sitiyari ta ɓangaren da ke turo kebul waje, zaka ga hanjin yana fitowa, waya ce mai zagayen ƙarfe a jikinta baƙa ƙirin da giris, ka ci gaba da juyawa har giya ta sake ta. A rak kuma kusoshi huɗu ne suka ɗaure doguwar sandar da akwatin, su zaka kwance. In zaka canza akwatin, ka ɓalle murfin tsakiyar sitiyari, ka sassauta notin amma kar ka cire shi duka, ka ja sitiyarin da ƙarfi wani ya ɗan bubbuga kan notin ta kan katako har ya saki, akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar rabin wata a jikin shaf ɗin, ka kula kar ya ɓace don shi ke hana sitiyari zamewa.

Kafin ka ja tsohon kebul daga cikin gefen jirgi, ɗaura igiyarka a bakinsa na wajen sitiyari, ka naɗe ƙullin da salatif ya yi sumul. Ka yanke duk abin da aka ɗaure shi da shi a hanya. Sai mutum ɗaya ya ja daga baya, ɗaya yana gaba yana sakin igiya. A hankali, don a wannan lungun wayoyin wuta da kebul ɗin giya da na totur duk tare suke tafiya, in ka ji ya cije kar ka fizga, ka koma da shi baya kaɗan ka murɗa ka sake ja. In ya fito ka kwance igiyar ka bar ta a cikin lungun, bakinta ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ka shimfiɗa tsoho da sabo a ƙasa gefe da gefe ka gwada tsawo da bakuna tun kafin ka ɓata sabon da giris, in ba daidai bane yanzu ne mai kaya zai karɓa.

Wankin bututu

Wallahi rabin aikin nan anan yake, kuma shi aka fi tsallakewa saboda an gaji ana son a ga an gama. Haska tocila cikin bututun ka gani. Abin da ke ciki tsohon giris ne da ya haɗu da yashin kogi da ƙurar hunturu da tsatsa, ya bushe ya kama bango kamar ƙanzo a gindin tukunya, in ka kankara da sukudireba zaka ga yana fitowa ɓawo-ɓawo ja da baƙi. In ka zura sabuwar sanda a haka, ba za a yi wata nawa ba sitiyari zai koma yadda yake ka ce kebul ɗin jabu ne.

Ka jiƙa cikin da kalanzir, ka zura burushin waya ka yi ta kai da komo, in kana da dril ka ɗaura burushin a doguwar sanda ka bar dril ya yi aikin. In babu burushi, ka tsaga bakin sandar ƙarfe ko ta katako ka maƙala samfefa ka naɗe, yana yi. Bayan nan ka ɗaura tsumma a igiya ka ja ta ciki, ka canza tsumma ka sake ja, kar ka tsaya sai tsumma ya fito da haskensa, in ka leƙa ta wannan bakin kana ganin bangon na sheƙi har ɗaya bakin. In ka ga tsatsa ta ci bututun ta yi ramuka masu zurfi ko zaren bakinsa ya cinye, bututun ma canza shi ake yi, kuma tunda inji a kansa yake rataye wannan aikin a kai wa bakaniken injin jirgi. A bakin hagu wasu injina suna da murfi mai zoben roba da ke share sanda yana hana ruwa shiga, in ya tsage ka sa sabo, ɗan abu ne amma shi ke tsare bututun.

Wani abu da ya kamata a sani, nonon giris ɗin da kake gani a jikin maƙalin inji kusa da bututun nan, giris ɗinsu wajen bututu yake zuwa inda inji ke lilo, baya shiga ciki inda sanda take. Mutum zai yi ta bugawa yana ganin ya yi wa sitiyari sabis alhali ko ɗigo bai kai ba.

Sa sabon

Ɗaura igiyar da ka bari ta baya a bakin sabon kebul na wajen sitiyari. Hanjin yana zuwa da rigar roba ko leda, ka bar ta a kai, in babu ka naɗe da leda da salatif, don in ya kwashi yashi a hanya cikin giya zai kai shi. Na gaba ya ja igiya, na baya ya riƙa turawa yana warware kebul ɗin kar ya murɗe. Duk inda zai sha kwana ka ba shi fili ya zagaya, ƙa'idar masu yin sa ita ce kar lanƙwasar ta matse ƙasa da inci 8, wajen santimita 20 kenan daga tsakiyar kwanar, in ta fi haka faɗi ma ya fi. Ka kauce wa bakin faiba mai kaifi, in dole ta nan zai bi ka tsaga guntun tiyo ka sa masa.

Ka shafa giris na ruwa a cikin bututu da jikin sanda, shafawa mai kyau amma ba cusawa ba, ka jawo sandar ka shafa har ɓangaren da ke shigewa ciki. Zura ta daga dama a miƙe, ya kamata ta wuce da hannu ba tare da duka ba, in ta cije to wankin bai yi ba, ka zaro ka koma. Ka kama babban notin da hannu tukuna ya hau zare daidai sannan ka ɗaure da sifana tamau, in notin nan ya yi sako-sako duk juyin da ka yi rigar kebul ce zata riƙa motsi maimakon inji.

A wajen sitiyari ka cire ledar, ka duba hoton da ka ɗauka, ka zura hanjin ta ƙofar da tsohon ya fito, kana turawa kana juya sitiyari a hankali har ka ji giya ta kama ta fara ja da kanta. Ci gaba da juyawa har bakin ƙarfen kebul ya shige mazauninsa ya zauna, ka mayar da fin ko ƙusa, sannan ka kama kebul ɗin ka ja da ƙarfi ka tabbatar baya fitowa. Ɗan bututun robar nan na ɗaya ƙofar ka mayar da shi, nan ne ragowar hanjin ke shiga in an juya, in babu shi hanjin zai riƙa fitowa tsirara yana kama wayoyin bayan dashbod. Kuma kar ka yanke hanjin wai ya yi tsawo, haka aka yi shi.

Saura tayarod, kuma a nan ina roƙonka kar ka yi arha. Notunan da ke riƙe da shi masu roba ne a ciki, masu kulle kansu, an yi su ne don girgizar inji kar ta kwance su. In tsohon ya saki har kana iya juya shi da yatsa, ka sa sabo irinsa na ƙarfen da baya tsatsa. Kar ka ɗauko notin babur ko na janareta ka ɗaura, ranar da ya warware kana cikin gudu inji zai fizge gefe ɗaya gaba ɗaya, jirgi ya juya a take, mutane su zube a ruwa. Ka mayar da wasoshi yadda suke a hoto, na bakin sanda ka ɗaure har ya zauna sannan ka ɗan sassauta kamar kwatan juyi don tayarod ya samu yin lilo, amma ba ya yi ƙwal-ƙwal ba. In akwai ramin fin ka sa sabon fin ka tanƙwara ƙafafunsa.

Gwaji

Tun a tudu, ka tsaya a bayan sitiyari kana kallon gaba ka juya dama, wani ya duba maka inji. Farfela ya kamata ta karkata dama, sandar kuma ta fito ta hagu. In ka juya dama farfela ta tafi hagu to ka sa kebul a ƙofar da ba ita ba, ka zare ka musanya shi da ɗan bututun robar. Kar ka raina wannan dubawar, jirgin da sitiyarinsa ya juye tun a bakin gaɓa zai daki na kusa da shi.

Juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, yawancinsu juyi uku ne zuwa huɗu da ɗan kai, ya kasance nauyin ɗaya ne dama da hagu babu inda yake cijewa. Ka ɗaga inji sama ka sake juyawa, ka sauke ka sake, kana kallon tiyon fetur da wayoyin batir da kebul ɗin giya ko akwai wanda tayarod ke gogawa ko yake ja. Sai yanzu zaka ɗaure kebul ɗin a gefen jirgi, sako-sako, kuma ƙafa biyun ƙarshe na wajen inji ka bar su a sake don yana motsi in an ɗaga inji. In sitiyarin ya karkace alhali inji na tsakiya, ba matsala bace ta tuƙi, a wasu akwatunan zaka iya zare hanjin ka juya sitiyari ka sake kamawa har ya daidaita.

Ka mayar da batir da tanki, ka sa rigar ruwa, ka maƙala igiyar kashe inji a hannunka, ku shiga ku biyu kawai banda fasinja. Fara da ƙaramin gudu a fili inda babu masunta da taru, ka yi dama ka yi hagu ka yi ribas, sannan ka ƙara wuta kaɗan-kaɗan. In a gudu ka ji sitiyari na janka gefe ɗaya, ba kebul bane, ƙarfin juyin farfela ne, akwai ɗan fiffike a saman farfela da ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, in jirgi na ja dama ka karkata bayan fiffiken zuwa dama kaɗan, in hagu hagu, ka sake gwadawa. In injinka ya haura doki 150 kuwa kebul ɗaya wahala zai yi ta ba ka, irin wannan sitiyarin haidurolik, mai aiki da mai maimakon kebul, ya dace da shi. Da kun dawo gaɓa ka sake bin babban noti da notunan tayarod da sifana.

Daga nan abin da ya rage kulawa ce. Aƙalla sau biyu a shekara, misali kafin damina da bayan ruwa ya ja baya, ka kwance babban notin ka zaro sanda ka wanke bututu ka sa sabon giris, na Legas da sauran masu ruwan gishiri su fi haka yawaitawa kuma su riƙa ɗauraye wajen da ruwan daɗi. In zaka ajiye jirgi ya kwana biyu ba a hawa, ka juya sitiyari har sandar ta shige cikin bututu duka don kar ta zauna a waje tana shan ƙura da raɓa, kuma duk sati wani ya je ya juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe sau uku ko huɗu ya mayar da sandar ciki.